Talata a lab: sandunana sun koma ganye

Yau tun kafin bakwai na isa lab, ko karyawa ban yi ba sai kunun da Inna ta zuba min a filas, saboda girkin nan na ƙananan sandunan zink oksaid da nake tsirarwa a kan gilas don haɗa sola awa shida yake ci kuma ina so in fara tun da sauran wuta. Gilasan FTO (gilas mai shafin da lantarki ke bi) guda huɗu tun jiya na wanke su da asiton da etanol na shafa musu iri, wato ruwan zink asitet da muke ɗigawa a kan gilas inji ya wulwula shi ya baje, sannan a gasa a digiri 350. In ba wannan irin, sandunan zink oksaid ba sa samun wurin kafa gindi, kowanne sai ya fito ta inda ya ga dama.

Haɗin kansa ba wuya, zink naitret da HMTA, sinadarin da ke taimaka wa sandunan tsiro, daidai wa daida, milimola 25 kowanne a lita ɗaya ta tataccen ruwa, sai ɗan alminiyam naitret kashi 2 cikin ɗari. Na jingina gilasan fuskarsu na kallon ƙasa don kar farin garin da ke kwantawa ya zauna musu, na rufe kwalaben na sa a obin a digiri 90.

Ina zaune ina jira wajen sha ɗaya sai ga hotuna ta WhatsApp, na samfuran da na aika wani lab mai madubin elektron, na'urar ganin ƙananan abubuwa, tun sati uku. Wallahi hannuna rawa yake. Na mai alminiyam kashi 1 na fara buɗewa, masha Allah! Sanduna tsaye cirko-cirko kamar karan gero bayan an yanke kai, kowanne samansa kusurwa shida kamar ɗakin zuma, kaurinsa kuwa sai ka jera ɗaruruwa kafin su kai silin gashi ɗaya. Na daɗe ina zuƙo hoton ina kallo. Sai na buɗe na kashi 5, gabana ya faɗi, babu sanda ko ɗaya, wasu falle-falle ne kawai a cakuɗe kamar an yanka kabeji.

Abin ya min ciwo don a kansa na fi sa rai. Lissafina shi ne duk alminiyam ɗin da ya zauna a gurbin zink yana sakin ƙarin elektron ɗaya, to in an ƙara shi ai lantarki zai fi gudu a jikin sandar. Kuma dama amfanin sandar kenan a sola irin mai rini, rana ta bugi rinin ya saki elektron, shi kuma ya bi sandar ɗoɗar har gilas, ba sai ya yi ta tsallake daga ƙwaya zuwa ƙwaya yana ɓacewa a hanya ba.

Na ɗauki waya na nufi ofishin Farfesa. Na ce ranka ya daɗe na kashi 5 ya lalace. Ya gyara tabarau ya duba ya ce ke ba lalacewa ya yi ba, sakamako ne, rubuta shi. Ya zana min a bayan wata takarda yadda alminiyam ɗin in ya yi yawa a ruwan yake zuwa ya manne a kan sandar, daidai fuskar da take tsiro ta sama, ya toshe ta, sai girman ya koma gefe. Na taɓa karanta wannan amma sai yau da na ga nawa ya zauna min.

Ƙarfe ɗaya da kwata aka ɗauke wuta. Kafin Baba mai kula da lab ya samo fetur ya tada janareto obin ya sauka zuwa 71, minti talatin da biyar cur, ina tsaye ina kallon lambar tana raguwa ba yadda zan yi. Ya ce 'yata yi haƙuri, na ce ba komai Baba, Allah ya saka. Na rubuta lokacin a littafi don in sandunan suka fito gajeru in san ba laifin alminiyam ba ne kaɗai.

Bayan la'asar na ciro su na ɗauraye. Uku sun yi farin nan mai kama da hazo, shimfiɗe sumul, ɗaya kuwa gefensa ya yi dabbare-dabbare, ina jin irin ne bai baje ba.

Yanzu abin da ke raina rini ne. N719, rinin da aka saba amfani da shi a irin wannan sola, tsada gare shi, shi ya sa nake son gwada zoɓo, amma zink oksaid ba ya shiri da tsami, in ya daɗe a jiƙe cinye sandunan yake. Gobe in Allah ya kai mu zan yanka gilas ɗaya gida uku, in jiƙa na minti 20, da 40, da awa ɗaya. Inna ta riga ta ƙulla min zoɓon a leda.