Mako na uku kan tsohuwar Corolla: na gano abin da ke ruɗa allurar zafi

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da warhaka. Kun tuna na ce allurar zafi na haurawa dab da ja idan na kama hanyar Makka daga Jidda da daddare, amma da azahar, rana na ƙwalla, sai ta zauna daram a tsakiya? Nan zuciyata ta fara shakka. Injin da ke obahitin da gaske ai da rana zai nuna hali, ba bayan isha'i ba.

Na ari na'urar auna zafi mai jan haske, na haska gidan tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan injin ya yi zafi, a lokacin da allura ke sama: digiri 86. Tamostat ɗin motar yana buɗewa ne a 82, ashe injin lafiyarsa ƙalau. Ruwan lagireto ma cike yake. Don Allah kada wanda ya buɗe murfin nan injin na da zafi.

Motar sansa biyu gare ta, wato 'yan na'urorin da ke jin zafin injin. Mai waya biyu na kwamfuta ne, mai waya ɗaya shi ke magana da allura. Na zare wayarsa, allura ta kwanta. Na taɓa wayar da jikin injin na ɗan lokaci, allura ta miƙe har H, alamar ƙarshen zafi. Geji dai na aiki. Sai na dafa sansan a tukunya da mita a jikinsa, ohm, wato ma'aunin tirjiyarsa ga wuta, na sauka a hankali ruwa na ɗaukar zafi, yadda ya kamata.

Wani dattijo Bahaushe mai wayarin a Sana'iyya, unguwar makanikai, shi ya warware mini. Ya ce, "Yaro, kunna fitila, idonka na kan allura." Ina kunnawa ta ɗaga. Na ce, "Baba, ai zafi ba ya tashi cikin daƙiƙa ɗaya." Ya ce, "To, nemo wayar at."

At ita ce wayar da wuta ke bi ta koma batir. Na same ta ƙarƙashin batir, bakinta ya yi kore shar, iskar teku ta cinye shi. Sansa mai waya ɗaya ta jikin injin yake samun at, don haka idan wayar da ta haɗa injin da bodi ta yi tsatsa, ƙara kayan wuta, kamar fitila da daddare, na karkatar da lissafin geji. Tsakanin injin da bodi na auna bolt 0.6. Na goge da samfefa, na ɗaure tamau, ya dawo 0.05, allura ko motsi.

Ranar Juma'a in sha Allah zan gwada ta a hawan Hada zuwa Ɗa'ifa, na'urar auna zafi na kujerar gefe.