Tafiya Zuwa Dallol, Inda Ruwa Ya Fi Ƙarfin Rai

Da sassafe muka bar birnin Mekele na arewacin Habasha, mota na gangarowa daga tsaunukan Tigray masu sanyi, zafi na ƙaruwa da kowace kwana da muka sha. A Berhale aka tsaya neman izini da 'yan rakiya masu bindiga, don ba a shiga wannan yanki na Afar kai tsaye. Muka kwana a Hamed Ela a fili, kan gadajen igiya, iska mai ɗumi na busawa har asuba.

Kwarin Danakil da ke arewa maso gabashin Habasha ya yi ƙasa da matakin teku da fiye da mita 100. Awon da aka yi a Dallol daga 1960 zuwa 1966 ya nuna matsakaicin zafin shekara ya haura digiri 34, an haɗa da dare da lokacin sanyi. Shi ya sa ake sammako. Mun ratsa filin gishiri fari fat, iyakar ganin ido, inda muka tarar da mutanen Afar suna sara da gatari, suna ɗaga falle da sanduna, wasu na sassaƙa shi allo-allo ana ɗora wa raƙuma. Duk wanda ya san ayarin Bilma da kantunsa zai gane aikin nan take. Na yi musu sallama, suka amsa hannu bai tsaya ba.

Dallol kansa tudu ne na gishiri, narkakken dutse na can ƙarƙashinsa yana dafa ruwa yana turo shi sama. Tun kafin ka kai, warin farar wuta zai shaƙe ka. A sama kuwa kududdufai ne kore shar, gefensu ruwan ɗorawa, can nesa ruwan goro da ja. Ƙarfen da ke cikin ruwan ne ke sauya launi yayin da iska ke taɓa shi, don haka sabon maɓuɓɓuga fari ne, tsoho kuma ya yi duhu. Na durƙusa kusa da wani ɗan bututun gishiri da bai fi tsawon yatsa ba, yana ta tsartar da ruwa yana huci. Jagoranmu, wani dattijo, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, inda na taka nan za ka taka. Ƙasan nan ɓawo ne."

Abin da ya kawo ni shi ne gardamar da masana ke yi kan ko akwai mai rai a cikin wannan ruwa. Yana fitowa da zafin da ya kai digiri 100, gishiri ya cika shi maƙil, tsaminsa a ma'aunin pH yana wajen sifili, wani ma ƙasa da haka, kamar ruwan batirin mota. A 2019 tawagar Felipe Gómez daga Sifaniya ta ce ta gano wasu ƙwayoyin halitta 'yan mitsi-mitsi, dangin arkiya, a cikin gishirin maɓuɓɓugan. A shekarar dai, tawagar Purificación López-García daga Faransa ta fito da sakamakon da ya saɓa wa wannan. Sun sami arkiya iri-iri a filin gishirin da ke kewaye, amma a kududdufan masu tsami ba su sami mai rai ba. Suka ce akwai ƙwayoyin ma'adinai da ke kama da halitta a ƙarƙashin madubin bincike, kuma ɗan burbushin DNA da ake gani iska ce ko mutane suka kawo shi.

Hujjar ta biyu ta fi kwanta mini. Tsami kaɗai ba ya hana rai: Picrophilus, wata ƙwayar halitta da aka samo a wuraren ruwan zafi na Hokkaido a Japan, tana hayayyafa a pH kusan sifili, kuma an sami wata mai suna Acidiphilium a tafki mai tsami na dutsen Poás mai aman wuta a Kosta Rika. Gishiri kaɗai ma ba ya hanawa. Haɗuwarsu ce ke da wuya, domin halittar da ke fama da fitar da asid daga jikinta ba ta da sauran ƙarfin riƙe ruwanta kada gishiri ya zuƙe shi. A Baƙin Tafki da kududdufin Gaet'ale, nan kusa, matsalar daban ce: gishirin magnesiyam da kalsiyam ya yi yawa har yana wargaza sinadaran jikin halitta. A bakin Gaet'ale na ga gawar tsuntsaye ta bushe, iskar da ke tasowa daga ruwan ce ake zargi. Masu neman rai a duniyar Mars suna bin wannan gardama sau da ƙafa, tunda ta nuna samun ruwa a wuri bai isa shaida ba.

Abin da ya dame ni shi ne babu shinge, babu tsararriyar hanya. Baƙi na tattaka bututun gishirin don ɗaukar hoto, wasu na tsoma sanda a ruwan, kowa kuma da ƙurar garinsu a takalmi. Wanda zai zo ɗibar samfur bayansu sai ya sha wahala kafin ya bambance abin Dallol da abin da muka shigo da shi. Rana na ɗagawa dattijon ya tattara mu muka sauko, ya ce bayan hantsi ko su ba sa tsayawa a saman.