Fedar ikwalaiza mai ajiye saiti: gyaran muryar gita a filin biki

Gitar da ta yi daɗi a ɗaki da daddare takan ɓace ɓat idan aka kai ta filin biki. Kalangu na tashi, mai fiyano ya danne da hannun hagu, mawaƙi na kan makirfo, janareto na gurnani a bayan rumfa, sai ka ga mai gita yana ta murɗa ƙarar amfilifaya har ƙarshe amma daga layi na uku ba a jin abin da yatsunsa ke yi. Matsalar ba ta ƙara ba ce. Gitar ce take zaune a wurin da wasu kayan kiɗa suka riga suka mamaye. Aikin fedar ikwalaiza kenan, ƙaramar na'urar da ake takawa da ƙafa tsakanin gita da amfilifaya: ta rage sautin inda aka yi cunkoso, ta ɗaga shi inda akwai fili. Ita kuma mai ajiye saiti, fifikonta shi ne gyaran da ka sha wahala ka samu a Ringim ranar Juma'a yana nan daram ranar Lahadi a Gumel, taku ɗaya ya dawo.

Sai ka fara sanin inda gitar take. A ɗaurin da aka saba, tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, wato 82 Hz. Mai bi mata 110, sannan 147, 196, 247, siririyar ta ƙarshe kuma 330. Waɗannan su ne tushen sautin, amma abin da kunne ke gane gita da shi yana sama da haka, a 'ya'yan sautin da ke hawa har wajen 5,000 Hz. Ƙasa da 80 babu komai na gita sai bugun hannu a jikinta da gunjin wuta. Tsohuwar fedar Boss GE-7 tana da sanduna bakwai da ake ja sama da ƙasa, a 100, 200, 400, 800, 1,600, 3,200 da 6,400, kowace tana ɗagawa ko ragewa da desibel 15 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), sai dai ba ta ajiye komai. Masu ajiya irin Boss EQ-200 da Source Audio EQ2 wurare goma-goma suke gyarawa, EQ-200 da sanduna, EQ2 da maɓallin murɗawa, kuma a kowacce akwai saiti huɗu da kake samu nan take ba sai ka haɗa wata na'ura ba. Huɗu sun ishi mai kiɗan biki, in dai ya san abin da zai zuba a ciki.

Kafin ka taɓa ko sanda ɗaya, yanke shawarar inda fedar za ta zauna, domin wannan ya fi duk wani saiti tasiri. Idan kana da fedar da ke tsage sauti, irin wadda masu kiɗan Agadas suke so, ka sa ikwalaiza a gabanta, to abin da ka ɗaga shi ne zai fi tsagewa. Ƙara ba za ta ƙaru sosai ba, domin fedar tsagewa tana aske kan sautin ne ta daidaita shi. Mutane da yawa suna ɗaga sandar ƙara a nan suna jiran gitar ta fito fili, sai kawai ta ƙara kaushi, su ce fedar ba ta aiki. Tana aiki, wurin zamanta ne ba daidai ba. Ka mayar da ita bayan fedar tsagewa, sai ɗagawar desibel 3 ta zama ƙarin ƙara na gaske. Idan kuma amfilifayar ce da kanta take tsage sautin, a nemi ramuka biyun nan na bayanta, na fita da na dawowa, a sa fedar a tsakaninsu. Wanda ke kaɗa sauti tas ba tsagewa, shi ba shi da wannan damuwa, ya sa ta ta ƙarshe kafin amfilifaya.

Ni a ganina ragewa ake farawa da ita, ba ɗagawa ba, kuma akwai dalili. Duk sandar da ka ɗaga tana ɗaga shuu ɗin da ke tattare da ita. Sannan sandunan ba su da katanga tsakaninsu: in ka ɗaga 400 da 800 da desibel 6 kowace, abin da ke tsakaninsu zai haura 6. Desibel 6 kuwa ninki biyu ne na ƙarfin siginar. Ka yi haka a sanduna uku ko huɗu, bakin amfilifaya ya cika, sai ka ji wani tsartsar marar daɗi duk lokacin da ka bugi tsirkiya da ƙarfi. Da wuya gyara mai kyau ya wuce desibel 3 zuwa 5 a sanda ɗaya.

Ga yadda ake nemo abin ragewa. Jera sandunan duka a tsakiya. Daidaita maɓallan amfilifaya yadda suka fi maka, ka bar su, kada ka sake taɓa su. Ɗauki sanda ɗaya ka kai ta sama da desibel 9 ko 10, ka kaɗa abin da ka saba kaɗawa, ka saurara, ka mayar da ita tsakiya, ka ɗauki ta gaba. Wadda ta sa munin da kake ji ya ƙara bayyana, ita ce mai laifin. Sauke ta ƙasa da tsakiya da desibel 3, ka sake saurara. Wajen 200 zuwa 250 nan ne sauti ke yin dum-dum kamar an kifa kwano a kan lasifika. Wajen 400 zuwa 500 sai ya zama kamar daga cikin kwali yake fitowa. 800 zuwa 1,000 shi ne hanci, amma shi ne kuma jikin gitar, kada a yi masa garaje. Daga 2,500 zuwa 4,000 wurin da kunnen ɗan'adam ya fi ji ne, nan ne cizon tsinken kaɗawa yake, nan ne kuma zafin da ke sa tsofaffi su ja kujera baya.

Saitin farko, na raka mawaƙi, shi ne za ka fi zama a kai, don haka shi ya cancanci lokaci. Sandunan da ke ƙasa da 80 a sauke su sosai. Ta 100 ko 125 a rage desibel 3 ko 4, domin hannun hagun mai fiyano da babbar ganga sun riga sun cika wurin, kuma gita ba za ta taɓa kayar da su a can ba. Ta 200 ko 250 a rage kamar 2 ko 3, a bar wa kalangu ya yi maganarsa. A bar 800 a tsakiya. Sai wajen 3,200 a rage desibel 2, saboda a nan baƙaƙen maganar mawaƙi suke fitowa, kuma a bikin ƙauye idan ba a ji sunan uwar amarya da ake wasawa ba, ba wanda zai yaba wa mai gita. Idan ka saurari wannan saiti kai kaɗai zai yi maka kamar gitar ta rame. Haka ake so. Da zarar sauran sun shigo za ka ji ta zauna daidai wurinta.

Na biyu na lokacin da mawaƙi ya yi shiru aka sakar maka fili ne. Kwafi na farkon, ka mayar da 3,200 tsakiya, ka ɗaga 800 da desibel 4, 1,600 da desibel 3, sandar ƙara gaba ɗaya kuma da 2 ko 3. Shi kenan.

Na uku kuwa ga ranar da babu amfilifayar gita, aka ce ka soka a mikisar mai kayan sauti kai tsaye, abin da ya fi yawa a ƙauyukanmu. Lasifikar da aka ƙera don gita ba ta fitar da wani abin kirki sama da wajen 5,000 Hz, kuma wannan rashin nata shi ne yake tausasa sautin. Manyan lasifikun biki suna da ƙaramar ƙaho a sama da take fitar da komai har ƙarshe, shi ya sa gita mai tsagewa take zama kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. A sauke 6,400 da desibel 6 zuwa 9, duk abin da ke samanta a kai shi ƙasa, a ɗan rage 3,200. Idan lasifikar ƙaho ce zalla irin ta kan itace, kada ka ɓata lokaci kana ɗaga 100 da 200, ba za ta fitar da su ba, wahalar da ita kawai za ka yi. A rage su ma, a tausasa wajen 1,600 zuwa 3,200 inda take yin tsini. Wani amfani a nan: idan fedar na kunne, tana ƙarfafa siginar yadda za ta jure doguwar waya. Waya mai mita goma kai tsaye daga gita tana shanye saman sautin, don haka a sa gajeriya, mita uku, daga gita zuwa feda, doguwar ta tashi daga feda zuwa mikisa.

Na huɗu a bar shi don ɗakin taro mai rufin kwano da daɓen siminti, inda ƙasan sauti ke taruwa yana kai da komo. Rage 125 da 250 fiye da na fili. Mai gitar katako da aka sa wa na'urar ɗaukar sauti zai iya amfani da wannan gurbi don maganin kukan lasifika: ya ƙara ƙara a hankali har ta fara kuka, ya riƙa sauke sanduna ɗaya bayan ɗaya, galibi tsakanin 100 da 250 zai same shi. Toshe ramin gitar da marfin roba yana rage rabin aikin.

Kuskuren da ya fi ɓata saiti shi ne ajiye shi a ɗaki da ƙaramar ƙara. Tun 1933 Fletcher da Munson suka auna cewa kunne ba ya jin ƙasan sauti sosai idan ƙara ta yi ƙasa. Saboda haka a ɗaki hannunka zai riƙa ɗaga ƙasa yana sauke tsakiya, ya yi maka daɗi, a fili kuma ya zama gurnani marar jiki. A gyara saiti da ƙarar da za a yi wasa da ita, tare da 'yan ƙungiya, wani ya tsaya taku ashirin daga lasifika yana faɗa maka abin da yake ji. Kuma kafin ka danna ajiya, kunna fedar ka kashe sau da yawa ka daidaita ƙarar da sandar ƙarshe. Kunne yana ɗaukar duk abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, sai ka yaudari kanka. A lura kuma, sandunan EQ-200 ba sa motsawa da kansu idan ka kira saiti. Abin da ke kan ɗan allon shi ne gaskiya, ba inda sandunan suka tsaya ba. Rubuta lambobin kowane saiti a takarda ka manna a cikin murfin jaka.

Yanzu maganar wuta, wadda ta fi kashe fedoji a wajenmu. Mafi yawansu volt 9 suke ci, kuma negatif ɗinsu a tsakiyar filogi yake. Adaftar na'urar intanet da ta ƙananan rediyoyi bakinsu ɗaya da na feda, tsaf zai shige, amma galibi fozitif ne a tsakiya, wasu ma volt 12 ne. Duba ɗan zanen da ke jikin adafta, in ya goge a gwada da mita wajen mai gyaran rediyo kafin a soka. Feda mai ajiye saiti ƙaramar kwamfuta ce, tana jan wuta ninkin-ba-ninkin tsohuwar GE-7, don haka a nemi adafta mai daidaita wuta ta 500 mA. Idan ta yi ƙanƙanta, da an kunna fitilu janareto ya nisa sai fedar ta mutu ta sake tashi a tsakiyar waƙa, sautin ya yanke na 'yan daƙiƙu. EQ-200 tana karɓar batir AA guda uku, kuma a wurin da janareto ke hawa da sauka wannan ya fi kwanciyar hankali.

Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka gunjinta yana 50, 100, 150 da sama. Sauke sandunan ƙasa zai rage na 50, amma na 100 yana tsakanin tsirkiya mafi kauri da mai bi mata, in ka kashe shi ka kashe su. Zizar da inbata mai araha ko cajar waya ke sakawa kuwa ta bazu har dubbai, ba ikwalaizar da za ta cire ta. A nisanta wayar gita daga wayar janareto, in dole su haɗu su gitta juna, kada su kwanta tare. A haɗa amfilifaya da mikisa a soket ɗaya. Gita irin Stratocaster, a yawancinsu matsayi na biyu da na huɗu na maɓallin zaɓi suna kashe gunjin. Idan kuma hannunka na kan tsirkiya, leɓenka ya taɓa makirfo ka ji tsirr, a tsaya nan take a kira mai wuta ya kafa sandar ƙarfen da ke kai wuta cikin ƙasa. Wannan ba maganar sauti ba ce, maganar rai ce.

Da hunturu ƙura takan shige ramukan sandunan, sai ka ji ƙarar-ƙarar in ka motsa su, ko lambar da ke kan allo ta riƙa tsalle ita kaɗai. A share da busasshen burushin fenti, a fesa ɗan maganin goge mahaɗin lantarki, a ja sandar sama da ƙasa sau ashirin. Ban da fetur, ban da baƙin mai, ban da man keken ɗinki, domin suna kama ƙurar su zama caɓi. A ɗora fedar a kan ɗan katako ko tabarma, ba a kan rairayi ba, a rufe ta da ƙyalle tsakanin wasa da wasa. Idan kuma ka ga kana ta ɗaga 3,200 da 6,400 mako bayan mako amma sai shuu ke ƙaruwa, duba tsirkiyoyin. Gumi da ƙura sun cike tsakanin naɗin wayar, saman sautin ya mutu tun daga tushe, feda kuwa ba ta ɗaga abin da bai shigo mata ba. Canja su, ka bar su kwana biyu su zauna, sannan ka sake duba saitin farko, domin da sabbi za ka iya buƙatar rage 3,200 da ƙarin desibel ɗaya ko biyu.