Wata huɗu ina gina kiɗan Beethoven da fiyano ɗaya a Samaru

Kiɗan fiyano ne sana'ata, a wani ɗan situdiyo a Samaru nake haɗa wa mawaƙa sauti. Da daminar bara na ɗora wa kaina aikin da na daɗe ina so: in sake gina kashin farko na simfoni (dogon kiɗan taron makaɗa) ta biyar ta Beethoven, wadda aka fara kaɗawa a Biyana a 1808, da fiyanona ƙirar Yamaha da kwamfuta kawai. Gaɓa 502 ce a rubuce.

Tun a ƙirga na ci karo da matsala. Sarewa biyu, algaitar Turawa biyu, kilarinet biyu, basun biyu, ƙaho biyu, kakaki biyu, tambari, sai dangin goge kashi biyar. Murya 18 ke nan, MIDI kuwa, wato tsarin da fiyano da kwamfuta ke aika wa juna saƙon kiɗa, hanya 16 gare shi, ta goma ma an ware wa ganguna. Sai na haɗe sarewa biyun a hanya ɗaya, haka ƙaho, haka kakaki.

Kilarinet ta ci mini sati guda. Na shigar da abin da ke takarda daidai, amma kunne ya ƙi yarda. Ashe abin da take fitarwa yana ƙasa da abin da aka rubuta mata da mataki ɗaya, dole ka saukar da sautin da kanka.

Duk wannan mai sauƙi ne. Da na kammala, na sa kwamfuta ta daidaita kowane sauti a kan layi, ƙarfin bugu kusan iri ɗaya, na kunna wa maigidana da ya koya mini fiyano. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Yaro, ka yi ƙoƙari, amma mutanen nan naka ba sa numfashi."

Na ce, "Maigida, ai babu kuskure ko ɗaya."

Ya ce in tuna masu algaita a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan Sallah. Sauti guda mutum zai riƙe, amma ka ji yana kumbura yana lafawa, saboda daga ƙirji yake fitowa.

Maganar ta zauna mini. Ƙarfin bugu a MIDI iyakarsa 127, kuma farkon sauti kawai yake shafa. Abin da ke faruwa bayan sautin ya fara, sai ka zana shi da hannu a layin sarrafawa mai lamba 11. Na koma gaɓa bayan gaɓa ina zana wa goge jan bakansa, ina barin 'yar tazara inda mai busa zai shaƙi iska. Wata biyu na yi a nan, galibi bayan sallar isha'i idan an kawo wuta.

A gaɓa ta 268 kowa yakan yi tsit, algaita ɗaya ta rage tana kuka a hankali, ba mai ƙirga mata lokaci. Wurin nan ne ya fi taɓa ni a kiɗan gaba ɗaya. Na kashe ma'aunin bugu, na kaɗa shi da yatsuna ya fi sau talatin, ina ja da sakin numfashina tare da shi, na zaɓi ɗaya ban gyara masa komai ba.

Har yanzu gogen bai gamsar da ni ba, yana da ƙarfe-ƙarfe a sama. Amma ranar da maigida ya sake saurara, da aka wuce wurin sai ya ɗaga hannu ya ce, "Mayar mini da algaitar nan."