Shekarar da Yaya Ya Bar Mini Gidan Kallo

A farkon Fabrairun 2019 yayana ya samu aiki a Kaduna, ya danƙa mini makullin gidan kallon ƙwallonsa da ke unguwarmu a Kano. Rumfar kwano ce mai benci ashirin da biyu, talabijin biyu, dikoda biyu, janareta ɗaya, sai allon katako da muke jinginawa a bakin titi mu rubuta wasannin ranar da alli. Da zai tafi ya ce mini, "Ƙanena, Firimiya ita ce cefanen yau da gobe. Amma idan Zakarun Turai suka shiga sili-ɗaya-ƙwale, nan kuɗi yake, nan kuma rigima take." Na ce, "Haba Yaya, shekara nawa ina karɓar maka kuɗin ƙofa?" Ya ce karɓar kuɗin ƙofa daban, riƙe gida daban.

Tsarin gasar ba baƙo ba ne a wurina. Daga zagayen 'yan 16 har zuwa daf da ƙarshe, kowace ƙungiya tana haɗuwa da abokiyar karawarta sau biyu, gida da waje, a haɗa ƙwallayen wasannin biyu. A lokacin, idan aka yi kunnen doki, wanda ya fi zura ƙwallo a gidan abokin karawarsa shi ke wucewa. Duk wannan na san shi a matsayina na ɗan kallo. Abin da ban lura da shi ba shi ne, da na ga sakamakon wasan farko sai in yanke wa na biyu hukunci a raina, kuma a kan wannan hukuncin nake sayen mai, nake shirya benci, nake kiran yaran da za su taya ni.

Ranar 12 ga Fabrairu PSG ta je har Old Trafford ta ci Manchester United biyu da nema, aka kuma bai wa Pogba jan kati. A gidan kallonmu 'yan United ne suka fi yawa a wannan gasar, domin Chelsea da Arsenal suna Europa a shekarar. Na ga yadda suka fita jiki a sanyaye, na ce a raina wasan Paris ba zai tara mutum talatin ba. Ya kamata daren 5 ga Maris ya farkar da ni, daren da Ajax, wadda aka ci biyu da ɗaya a gidanta, ta je Bernabeu ta zuba wa Real Madrid huɗu da ɗaya, Madrid ɗin da ta ɗauki kofin sau uku a jere. Na kalli wasan da idona, na tattara kuɗina, amma washegari da na je gidan mai sai na sayi lita huɗu maimakon shida da na saba. Fetur naira 145 ne lita a lokacin. Naira 290 na so in rage.

Minti biyu da take wasan Paris Lukaku ya ci wa United. Bernat ya farke, Lukaku ya ƙara kafin hutun rabin lokaci. Labari ya zaga unguwa ta waya, waɗanda suka yi zuciya suka zauna a gida duk suka fito. Kafin a dawo hutu babu masaka tsinke, wasu a tsaye, wasu a durƙushe a gaban benci na farko. Zafin mutane ya sa na kunna fankokin gaba ɗaya, talabijin ta biyu kuma tana nuna Porto da Roma. Ina jin daɗin naira hamsin-hamsin da ke shigowa, ban tuna cewa duk abin da na ƙara kunnawa daga tanki ɗaya yake sha ba.

Ana dab da tashi Dalot ya buga ƙwallo daga nesa, ta taɓa hannun Kimpembe ta fita. A wannan zagayen ne aka fara amfani da na'urar VAR, mai maimaita wa alƙalin wasa hoton abin da ya faru, a gasar, mutane ba su gama sabawa da ita ba. Alƙalin wasa ya nufi gefen fili zai duba, rumfa ta yi tsit, kana jin numfashin na kusa da kai. A cikin shirun nan na ji inji ya yi tari sau biyu. Hoton ya tsuke, duhu ya rufe mu. Na ruga baya da fitilar waya, na ɗaga jarka, babu ko ɗigo. Ina tsaye da ita a hannu muka ji ihu ya tashi daga gidan kallon da ke layin bayanmu: Rashford ya ci fenaritin, United ta wuce da ƙwallayen waje, uku da uku. Mutanen da suka biya ni kuɗi don su gani, a bakin maƙwabta suka ji.

Ba a taɓa ni ba, amma na sha magana, kuma da gaskiyarsu. Na tsaya a ƙofa na mayar wa kowa kuɗinsa. Wani dattijo mai gyaran keke, wanda bai taɓa fashin wasan United ba, ya ƙi karɓa. Ya ce, "Ɗana, riƙe ka sayi mai. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kai kuma tun loma ta farko ka wanke hannu." Wasan Porto da Roma ma a daren sai da ya kai ƙarin lokaci. Da shi ne babban wasan, da rabin awa cur zan bar mutane a duhu. Tun daga ranar, duk wasan zagaye na biyu ina lissafa masa mai na minti casa'in, da ƙarin minti talatin, da bugun fenariti, da ɓata lokacin VAR, sannan in ajiye jarka ɗaya cike wadda ba a taɓawa. A hutun rabin lokaci nake kashe inji, in bar shi ya ɗan huce, in cika tanki, don zuba fetur a inji mai zafi a wurin da mutum sama da ɗari suke zaune ganganci ne. Mako guda bayan haka Juventus, wadda Atletico ta ci biyu da nema, ta rama da uku, duka ta ƙafa da kan Ronaldo. Wannan mun gan shi har ƙarshe.

Kuskure na biyu na agogo ne. A shekarar, wasannin 'yan 16 ƙarfe tara na dare ake take su a agogonmu. Turawa kuwa suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, namu yana nan yadda yake, don haka daga kwata-fainal wasa ya koma ƙarfe takwas. Ranar 9 ga Afrilu na rubuta 9:00 a allo kamar yadda hannu ya saba. Sai da na kunna dikoda don gwaji na ga 'yan Tottenham da Manchester City suna shirin fitowa. Waɗanda suka bi allona sun zo an wuce fenaritin Aguero da Lloris ya tare. Rabin kuɗi na karɓa a daren.

Wasan da suka sake yi ranar 17 ga Afrilu, bayan Tottenham ta ci na farko ɗaya da nema, shi ya nuna mini cewa mai gidan kallo dole ya zama mai lissafi. Ƙwallo biyar aka ci a minti 21 na farko. Kowace ta shiga sai lissafi ya canja, rabin rumfa kuma ba su san inda aka kwana ba. Wani matashi ya dage cewa ƙwallon waje biyu ake lissafa ta, don haka biyun da Son ya ci huɗu ne. Na yi ta bayani cewa ba ninka ta ake yi ba, sai an yi kunnen doki a jimilla ake waiwayarta, amma hayaniya ta fi ƙarfin muryata. Aguero ya ci ta huɗu, Llorente ya rage, aka koma huɗu da uku, jimilla huɗu da huɗu, Tottenham ke gaba da ƙwallayen waje. A mintunan da aka ƙara Sterling ya zura wata. Samari biyar suka haye benci ɗaya suna tsalle, ya karye a tsakiya, wani ya fasa gwiwa. Ba a gama ɗaga shi ba VAR ta soke ƙwallon, Aguero ya yi satar gida. Sai ɗaya ɓangaren ya ɗauki nasa ihun, har aka fara cacar baki da nuna yatsa. Washegari na sa kafinta ya yi mini ƙaramin allo na rataye shi a ƙarƙashin talabijin. Kafin a take wasa ina rubuta sakamakon farko da abin da kowace ƙungiya ke bukata, duk ƙwallon da ta shiga kuma in goge in gyara jimilla, amma ba na taɓa alli sai an mayar da ƙwallo tsakiyar fili an ci gaba. Gardama ta ragu ƙwarai, don ido ya fi kunne saurin yarda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo ne da azumi. Ranar Litinin 6 ga Mayu aka tashi da shi, washegari kuma Liverpool za ta karɓi Barcelona da ƙarfe takwas, daidai lokacin isha'i da asham. Bayan la'asar limamin masallacin layinmu ya aiko a kira ni. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Ɗana, ba zan ce ka rufe sana'arka ba. Amma tsakanin rumfarka da sahun ƙarshe taku nawa ne? Idan suka yi ihun nan muna cikin karatu, kai ma ba za ka ji daɗi ba." Na ce, "Allah gafarta Malam, ba zan buɗe ba sai kun sallame asham, kuma zan rage sifika." Ya sa mini albarka.

Gaskiyar da zan faɗa ita ce alƙawarin bai yi mini nauyi ba a lokacin, saboda tsohon halina ya dawo. Barcelona ta ci uku da nema a Camp Nou, Messi ya ci biyu, ɗaya da bugun tazarar da aka kwana ana zancensa. Salah da Firmino duk suna jinya. Na ɗauka babu abin da zan rasa, duk da na san a shekarar da ta gabata wannan Barcelona ɗin ta ci Roma huɗu da ɗaya, ta je Italiya aka ci ta uku da nema aka fitar da ita. Mun idar da sallah wajen tara saura, na buɗe ƙofa ana hutun rabin lokaci, Origi ya riga ya ci ɗaya. Na rubuta 3-1 a ƙaramin allo. Wijnaldum ya shigo ya ci a minti na 54 da na 56, na goge sau biyu hannuna yana rawa. A minti na 79 Alexander-Arnold ya yi kamar zai bar bugun kwana, ya juyo ya bugo da sauri 'yan Barcelona suna kallon wani wajen, Origi ya ƙarasa. Wani ɗan Barcelona da ke gefena ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula, sai da aka watse na je na dafa shi ya tashi.

A daren Laraba ne alƙawarin ya zama alƙawari. Tun kafin magariba samari suka tare ni: "Babban yaya, jiya ka ga abin da ya faru, yau a buɗe da takwas." Gidan kallon layin baya zai buɗe, kuma na san wasu za su tafi can. Sun tafi, mutum ashirin ko fiye. Na yi sallata, na buɗe a lokacin da na faɗa wa Malam. Ajax tana cin Tottenham biyu a Amsterdam, De Ligt da Ziyech, ga ɗaya da ta ci a Landan, jimilla uku da nema. Wannan karon ban ce an gama ba, na cika tanki. Lucas Moura ya ci biyu cikin minti huɗu, ya ci ta uku a minti na shida na lokacin da aka ƙara, 'yan Ajax suka zube a fili kamar an sare su. Da haka muka ci gaba har wasan ƙarshe na 1 ga Yuni a Madrid, cikin goman ƙarshe na azumi, inda Liverpool ta ci Tottenham biyu da nema. Fenaritin Salah na minti na biyu a maimaici muka gan shi. Waɗanda suka tafi layin baya yawancinsu sun dawo bayan sallah, iyayen yara kuma da a da suke hana 'ya'yansu zuwa rumfarmu suka sassauta.

A 2021 hukumar UEFA ta soke dokar ƙwallon waje, wadda aka yi amfani da ita tun 1965. Ni dai ina kewarta, don ita ce take sa ƙwallo ɗaya ta juya wasa daga faɗuwa zuwa nasara ba tare da an bi ta kunnen doki ba. Amma ta fuskar aiki allona ya yi sauƙi, sai dai mai ya ƙaru, tunda yanzu duk kunnen doki ƙarin lokaci ne. Ranar 4 ga Mayun 2022, ana cikin hidimar ƙaramar sallah, rumfa cike da masu sababbin kaya, Manchester City ta je Bernabeu da nasarar huɗu da uku, Mahrez ya ƙara ɗaya. Ana saura minti uku 'yan Madrid suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Na ce wa yaron ƙofa ya bar ta a buɗe, duk wanda ya dawo kada ya karɓi kuɗinsa sau biyu. Rodrygo ya ci biyu a jere, aka koma biyar da biyar. A tsohuwar doka da Madrid ta wuce nan take da ukun da ta ci a Ingila, amma sai aka tafi ƙarin lokaci. Waɗanda suka fita suka dawo a guje, wani takalminsa ɗaya a hannu, suka tarar da Benzema yana ajiye ƙwallo zai buga fenariti. Na leƙa baya na duba inji, man tanki bai sauka zuwa rabi ba tukuna, jarkar ajiya tana gefe a rufe.