Inda na kai wajen koyon riƙon albarushi don wasan ta'ashir a Ɗa'ifa

'Yan uwana masu koyo, assalamu alaikum. Har yanzu malaminmu, wani dattijo mutumin Ɗa'ifa, bai ba ni izinin yin tsalle da bindiga a fili ba, kuma ina ganin daidai ya yi, domin duk wannan lokaci awon albarushi da ajiyarsa muke koyo. Ga wanda bai taɓa gani ba, ta'ashir wasan gargajiya ne na mutanen Hijaz, inda mutum zai daka tsalle ya juya bakin bindiga ƙasa ya harba a ƙarƙashin ƙafafunsa, ba tare da harsashi ba, sai albarushi zalla. Bindigar da ake yi da ita sunanta muƙamma'a, ta baki ake ɗura mata, kamar wadda 'yan bindigar sarki suke bugawa a Kano ranar hawan Daushe.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ke faruwa tsakanin bugu da bugu. Bayan an harba, ɗan garwashi yana iya maƙalewa a cikin bututun, ido ba ya ganinsa, kuma idan mutum ya zuba sabon albarushi kai tsaye daga gorarsa, wutar za ta iya bin zubin ta haura ta tashi gorar gaba ɗaya a hannunsa. Saboda haka ake fara zubawa a ɗan ma'auni na tagulla, a toshe gorar a ajiye ta gefe, a dakata, a goge cikin bututun, sannan a ɗura, fuska da yatsu nesa da bakin bindiga. Tagulla da katako ake so domin ba sa fitar da tartsatsi yadda ƙarfe yake yi. Na ga matasa suna ɗaukar wannan jira a matsayin ɓata lokaci idan kiɗa ya yi daɗi, kuma abin yana damuna ƙwarai. Haka kuma idan an ja kunama bindiga ba ta tashi ba, ba a leƙa ta, sai a riƙe bakinta ƙasa a jira, domin takan tashi a makare.

Malam ya hana mu haɗa baƙin albarushi da garin harsashin zamani marar hayaƙi, wanda ƙarfinsa yana iya fasa irin wannan bututu. Ya kuma hana mu ƙara awo bisa wanda ya yanka mana, ko da ƙarar ba ta gamsar da mu ba.

Wajen ajiya, baƙin albarushi yana shan danshi. A tsaunin Ɗa'ifa iska busasshiya ce, amma wanda ya sauko da shi Jidda, bakin teku, sai ya tarar ya dunƙule. Barinsa cikin mota a zafin Makka kuwa ganganci ne. Tokar da yake bari tana jawo tsatsa, don haka a ranar nake wanke bututun da ruwan ɗumi, in busar, in shafa mai.

Duk wannan a ƙarƙashin izinin hukuma muke yinsa, domin mallakar bindiga da albarushi a Saudiyya sai da lasisi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Mataki na gaba, in sha Allahu, shi ne koyon tsallen da bindiga fanko, har ƙafa da hannu su saba da juna.