Laraba, da Sisi a raina

Zafi. Ba wuta tun hantsi.

Maganar Goggo ce ta hana ni sakat. Ana hirar auren zumunci da rana ta ce mini, "Ke, in dai uwar miji innarki ce ai kin huta." Na yi dariya na ce haka ne, Goggo. Amma Sisi ce ta faɗo mini a rai, har yanzu ba ta fita ba.

Elisabeth ke nan, matar Sarki Franz Joseph na Ostiriya. Uwar mijinta Sophie yayar mahaifiyarta ce, ciki ɗaya. Da ma Helene, yayar Sisi, aka kai garin Bad Ischl na Ostiriya a 1853 don a haɗa ta da sarki, sarki ya ƙyalla ido ya ga ƙanwar, ya ce shi fa ita. Aka ɗaura aure a Vienna ran 24 ga Afrilu 1854, tana da shekara 16.

Haihuwar fari a 1855, mace. Kaka Sophie ta raɗa wa jaririya sunanta ita kakar ba tare da ta shawarci mai jego ba, ta sa aka shirya ɗakin yara a jikin sashenta. Gisela ta zo a 1856, ita ma can. Da uwar ta kafe sai ta tafi da su Hangari a 1857, babbar ta kwanta ciwo, ta rasu a Buda tana shekara biyu. Daga nan bakin Sisi ya mutu. Ɗanta Rudolf kuwa yana shekara shida aka damƙa shi ga wani soja, Gondrecourt: wankan ruwan sanyi, atisaye, a harba bindiga a tashe shi daga barci, wai a yi masa zuciyar maza. Sai a 1865 ta rubuta wa mijin takarda cewa tarbiyyar 'ya'yanta ta dawo hannunta, aka sallami sojan. Shekara goma sha ɗaya da aure fa!

Abin da ke cina shi ne mijin yana sonta, so na gaske. Amma a shekarun farko in uwarsa ta yanke, ya yanku. Auta, Marie Valerie, da aka haifa a 1868, ita kaɗai Sisi ta rena da hannunta.

Tuwon dare ya yi ruwa, Yaya ya ci bai tanka ba. Gobe kasuwa, in ciwon kan nan ya bar ni.